Tambaya da Amsa: Daga Kufan Masana'anta Zuwa Zauren Taro

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan magana ɗaya, wato tsofaffin masana'antun da suka mutu ake maida su wuraren taron 'yan kasuwa da baje koli, kuma ana cewa wai hakan kula da muhalli ne. Na zaɓi guda biyar, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Dan Allah ina son ƙarin bayani, naga ana ta yayata wai an maida tsohuwar masana'anta wajen taron kamfanoni kuma wai yana taimakon muhalli. Ni dai a ganina kango kango ne, ba gara a rushe a yi sabon gini na zamani mai sola da komai ba? Meye abin burgewa a bangon da ya shekara ɗari yana shan hayaƙi?
Daga wani ɗalibi mai karatun gine-gine

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka mai kyau ce kuma da yawa haka suke gani, dan ido yana son sabon abu. Amma tunda gini kake karanta bari mu fara daga siminti da rodi, a nan amsar take.

Kasan yadda ake yin siminti, dutsen farar ƙasa ake gasawa a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,450, kuma abin da mutane basu cika sani ba shi ne hayaƙin kabon ɗin da ke fita ba daga man da aka ƙona kaɗai yake ba, shi kansa dutsen yana sakin nasa idan ya gasu, shi ya sa ko da hasken rana za ka hura wutar sai wani kason ya fita. Siminti kaɗai yana jawo wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon ɗin da duniya ke fitarwa. Ƙarfe ma kusan haka, tan ɗaya na ƙarfe yana tafiya da kusan tan 2 na kabon. To ka ɗauki masana'anta guda, ginshiƙai, katangu masu kauri, tushe mai zurfi da aka yi dan ya ɗauki injina masu nauyin tsiya, duk wannan an riga an biya kuɗinsa a hayaƙi tun zamanin kakanni. In ka rushe ka zubar da abin da aka riga aka biya, ka ƙona dizal a katafila da tifa wajen kwashe ɓaraguzai, sannan ka dawo ka sake gasa sabon siminti ka narka sabon ƙarfe. Sabon ginin naka ko da yana tsimin wuta sosai, sai ya yi shekaru masu yawa yana aiki kafin ya biya bashin hayaƙin da aka ci a ranar gina shi, mu kuma matsalar ɗumamar yanayi yanzu take cinmu, ba ta jiran shekara talatin.

Sai abu na biyu, shi wajen taro me yake buƙata? Fili babba ba ginshiƙi a tsakiya, rufi mai tsawo da za a rataya fitilu da allon majigi, daɓen da zai ɗauki nauyi, ƙofa mai faɗin da babbar mota za ta shigo da kaya har ciki, babban layin lantarki, da hanya. To wallahi kamar dan wannan aka gina masana'anta, yawancin abin da na lissafa tana da shi tun asali. Kuma galibinsu kusa da layin dogo ko bakin ruwa aka kafa su dan jigilar kaya, garin ma ya girma ya zagaye su, yanzu sun zama tsakiyar jama'a.

Bari in baka misalai na zahiri kar ya zama surutu. A birnin Turin na Italiya akwai Lingotto, masana'antar motocin Fiat da aka buɗe a 1923, doguwa ce mai kusan mita 500, hawa biyar, kayan haɗi suna shiga ta ƙasa ana harhaɗa motar tana hawa bene bayan bene har ta fito saman rufi inda aka yi titin gwaji, a can sama ake zagayawa da ita a gani ko ta yi. An rufe ta a 1982, aka bai wa mai zanen gini Renzo Piano ya sake mata fasali, yau a ciki akwai zauren taro da filin baje koli da otal da shaguna, titin saman rufin kuma yana nan an dasa dubban shuke-shuke a gefensa.

A Jamus kuma akwai Zollverein a birnin Essen, mahaƙar kwal ce da aka rufe a Disambar 1986, sashen da ake gasa kwal ɗin ya bi bayanta a 1993. A 2001 UNESCO ta sa wajen cikin kayan tarihin duniya. Ɗakin tukunyar tururi ya zama gidan adana kayan zane na Red Dot, inda ake wanke kwal ya zama gidan tarihin Ruhr, wato yankin da birnin Essen yake ciki, sauran manyan ɗakunan ana haya ana taruka a ciki. Wanda ya fi burge ni kuma shi ne na Ostrava a Jamhuriyar Cek, a masana'antar ƙarfe ta Vítkovice wadda tanderunta suka daina aiki a 1998. Wani ƙaton tankin ajiye gas ne mai zagaye, maimakon a yanka shi a sayar wa 'yan gwangwan sai mai zane Josef Pleskot ya gina zaure a cikinsa mai ɗaukar mutum kusan 1,500, aka buɗe a 2012, suna kiransa Gong. Daga waje tanki kake gani, kana shiga sai kujeru da dandamali.

Amma fa kar ka ɗauka nace kowane tsohon gini alheri ne. Masana'anta ba dan jin daɗin mutum aka gina ta ba, injina ne ke ɗumama ta da zafinsu, ana kashe su sai ta zama firji a lokacin sanyi, tanda a lokacin zafi, ga amsa-kuwwa da ba za ka ji me mai jawabi yake faɗa ba. Idan aka ce sai an ɗumama ko an sanyaya wannan ƙaton sararin gaba ɗaya, to wutar da za a sha za ta cinye duk ribar da aka samu. Masu dabara abin da suke yi shi ne ɗaki cikin ɗaki, a bar tsohon ginin a matsayin rumfa, a gina ƙaramin zaure a ciki mai bangon da ke riƙe zafi da sanyi da sauti, shi kaɗai za a sa wa na'ura. Wasu kuma bututun ruwan ɗumi suke bi da shi ƙarƙashin daɓe ta yadda ɗumin zai tsaya inda mutane suke, ba ya tashi sama ya je yana ɗumama kwano ba. Wannan ɓangaren ka riƙe shi da kyau a karatunka, dan nan gaba masu iya gyaran tsohon gini za a fi nema.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni abin da ke damuna daban ne. Wajen aikinmu sun shirya mana taron kwana uku a wani zaure da da can masana'antar gas ce, ni kuma ina da juna biyu. Wata ƙawata tace irin waɗannan wuraren ƙasarsu duk guba ce. Gaskiya ne? In je ko in nemi uzuri? Hankalina ya ƙi kwanciya wallahi.
Daga wata ma'aikaciya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, amma rabin maganar ta faɗa miki.

Gaskiya ne tsofaffin masana'antun gas suna cikin wuraren da suka fi barin datti a ƙasa. A da daga kwal ake tatso gas ɗin da ake kunna fitila da girki da shi, ana gasa kwal ɗin a rufe, abin da ya saura kuma baƙar kwalta ce mai kauri da sinadarai irin su benzin da sayanaid, wani lokacin da dalma da asenik, kuma mutanen wancan zamanin a rami kawai suke zubawa a cikin harabar su rufe. Wasu masana'antun kuma matsalarsu asbestos ce da aka naɗe bututu da rufi da ita, wadda ƙurarta in ta shiga huhu tana iya kawo cutar kansa bayan shekara 20 ko 30 ko fiye, shi ya sa Birtaniya ta haramta ta gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai ma a 2005. Ga kuma man tsofaffin taransifoma mai sinadarin PCB da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a jerin waɗanda za a kawar.

Kuma duniya ta sha darasi mai ɗaci kan gina wa mutane waje a kan guba ba tare da gyara ba. A Love Canal da ke jihar New York a Amurka, an binne sharar sinadarai wajen tan 20,000 a wani tsohon rami, a 1953 aka sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya, aka gina makaranta da gidaje a kewaye. Zuwa 1978 gubar ta fara ɓullowa a gidajen mutane, aka kwashe ɗaruruwan iyalai, wannan ne ya jawo Amurka ta yi dokar tsaftace gurɓatattun filaye a 1980.

To ga ɗaya rabin. Guba tana cutarwa ne idan ta samu hanyar isowa jikinki, ta taɓawa, ko shaƙa, ko ruwan sha. Aikin masu gyaran fili shi ne su toshe waɗannan hanyoyin. Da farko ana haƙa ƙananan rijiyoyi ko'ina a filin a ɗebo ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji a san me ke ina. Inda ya fi muni a kwashe ƙasar a tafi da ita ko a gasa ta har gubar ta ƙone, inda bai kai haka ba a shimfiɗa leda mai kauri ko laka a rufe a zuba sabuwar ƙasa mai tsafta a sama, ƙarƙashin ginin kuma a sa shinge da bututun da zai fitar da tururin sinadari waje kar ya taru a ɗaki. A Duisburg na Jamus, inda aka maida masana'antar ƙarfen da aka rufe a 1985 wajen shaƙatawa da taruka, mai zanen filin Peter Latz ya sa an kulle ƙasar da ta fi guba a cikin tsofaffin rumbunan kankare na masana'antar, wadda ba ta kai haka ba aka bar ta a wajen aka bar tsirrai suna aikinsu a kai sannu a hankali.

Irin wajen da za ki je ma akwai shahararre a Amsterdam, Westergas, ya daina yin gas a 1967 amma sai a 2003 aka buɗe filin ga jama'a bayan gyara, kin ga tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Yau tsohon tankin gas ɗinsa zauren taro ne, yara suna wasa a ciyawar wajen.

Shawarata, kwana uku a cikin zauren da aka gyara kuma hukuma ta ba shi izinin tara jama'a ba shi ne abin tsoro ba, waɗanda ke cikin haɗari na gaske su ne leburorin da suka yi haƙa da ɓamɓarar bututu lokacin gyaran. Amma kina da haƙƙin tambaya, kuma kar ki ji kunya. Ki sa masu shirya taron su tambayi masu wajen ko an yi gwajin ƙasa da gyaranta, ko an yi binciken asbestos, sannan mafi muhimmanci ko akwai wani aikin rushe-rushe ko haƙa da ake yi a harabar a kwanakin taron. Idan ana yi, ko kika shiga kika ji warin kwalta ko na fetur a cikin ɗaki, ki fito, ba sai kin nemi izinin kowa ba. Ki kuma faɗa wa likitarki a awo na gaba, ita ta san yanayin cikinki fiye da ni.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni sana'ata shirya wa kamfanoni taruka. Yanzu kowane kwastoma sai yace yana son waje mai kula da muhalli, kowane mai zaure kuma sai yace nasa ne ya fi. Wani ya nuna min tukwanen fulawa da bangon jan bulo yace ai tsohuwar masaƙa ce dan haka shikenan. Ta yaya zan bambance na gaske da na talla? Bana son in yaudari masu bani aiki.
Daga wata mai shirya taruka

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma naji daɗin jimlarki ta ƙarshe, da kowa haka yake da an huta. Wanda ya nuna miki fulawa da jan bulo kyan ɗan maciji ya nuna miki. Kasancewar ginin tsoho maki ɗaya ne ya ci, na ranar gini, saura na kullum, kuma na kullum ɗin a takarda ake ganinsa.

Fara da takardar kuɗin wuta. Ki ce ya nuna miki nawa zauren ya sha a shekarar da ta wuce kuma daga ina wutar take, in yace sola ki tambaya kashi nawa na abin da suke sha solar take bayarwa, dan rufin masana'anta yana da faɗin da zai ɗauki faranti da yawa amma wasu guda goma suke ɗorawa a inda za a gani daga bakin get, sauran kuma janareta ke ta ruri a baya. Ki tambaya da me ake ɗumamawa ko sanyayawa, kuma ko akwai mita daban da za ta nuna abin da taronki kaɗai ya sha. Wanda yake yi da gaske zai ji daɗin tambayar har ya ja ki ɗakin injina, wanda talla yake zai fara kame-kame.

Sai takardun shaida. Na gini akwai BREEAM da ta fara a Birtaniya a 1990, da LEED ta Amurka. Na gudanar da taro kuma akwai ISO 20121 da ta fito a 2012 tare da wasannin Olamfik na Landan. Amma ki gane, ita wannan ta ƙarshen tana nuna cewa suna da tsarin aunawa da gyara kura-kurai ne, ba ta ce hayaƙinsu kaɗan ne ba. Ki duba wa ya ba da satifiket ɗin, yaushe, kuma na wannan ginin ne ko na hedikwatar kamfanin da ke wani gari. Akwai kuma alƙawarin da masu harkar taruka suka ƙaddamar a taron yanayi na COP26 a Glasgow a 2021, na rage hayaƙinsu da rabi kafin 2030 da kaiwa sifili kafin 2050, in yace ya sa hannu sai ki ce to ina rahoton abin da aka rage zuwa yanzu.

Shara ma ki bi ta har ƙarshe. Baje koli yana cikin harkokin da suka fi ɓarna, kafet ɗin da za a shimfiɗa kwana uku a naɗe a zubar, rumfunan katako da ake farfasawa daren rufewa, banoni masu kwanan wata da ba za su sake amfani ba, abincin da aka dafa wa mutum dubu amma ɗari shida suka zo. A nan tsohuwar masana'anta tana da wata fa'ida, daɓenta na kankare ba ya buƙatar kafet, bangonta ma ado ne da kansa ba sai an lulluɓe shi ba. Ki tambaya ina kwandunan shara masu launi-launi suke ƙarewa, dan akwai inda ake rarrabawa a gaban baƙi sannan a juye su mota ɗaya a baya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba Hajiya. A taron da mutane ke zuwa daga nesa, mafi yawan hayaƙin ba daga zauren yake fitowa ba, daga tafiyar mahalarta yake, musamman jirgin sama. Za ki iya samun zaure mai sola da ruwan sama da komai, amma in yana bayan gari inda ba jirgin ƙasa ba bas, mutum dubu kowa da motarsa, to an yi ba a yi ba. Shi ya sa nake ganin tambayar farko ma ita ce ta yaya za a iso wajen, akwai tasha da za a iya takowa da ƙafa, otal ɗin baƙi suna kusa ko sai an yi ta jigila safe da yamma. Kuma wannan ɓangaren a hannunki yake fiye da mai zauren, ke za ki bai wa kwastoma shawarar a yi taron a garin da yawancin mahalarta suke, waɗanda za su yi jawabin minti ashirin kawai su yi ta intanet maimakon su keto duniya.

Wani abu kuma da ke ɓata min rai, masu cewa taronmu ba shi da hayaƙi ko kaɗan alhali basu rage komai ba, kuɗi kawai suka biya wani kamfani wai zai dasa bishiyoyi a madadinsu. Dasa bishiya alheri ne, amma hayaƙin ya fita yau, bishiyar kuma sai ta shekara da shekaru kafin ta zuƙe shi, in ma ta rayu kenan. A rage tukuna, abin da ya gagara sai a biya.

In kina son misalin waɗanda suka yi tunani, duba Evergreen Brick Works a Toronto ta Kanada, masana'antar bulo ce tun 1889, aka sake buɗe ta a 2010 a matsayin cibiyar muhalli da wajen taruka. Tana cikin kwarin kogin Don inda ambaliya ke zuwa, basu yi kamar basu sani ba, sun tsara wajen da sanin ruwa zai shigo ya fita, kuma suna tara ruwan saman da ke sauka daga rufin a manyan tankuna suna amfani da shi. Kar ki manta da masu keken guragu da tsofaffi ma, da ƙofofin fita in gobara ta tashi, tsohon gini yakan zo da matakala da lunguna.

Tambaya: Malam ni gaskiya wannan magana haushi take bani. Mahaifina shekara 27 ya yi a masana'antar ƙarfe, aka rufe aka sallame su, har ya rasu bai sake samun aikin kirki ba. Yanzu wai an gyara wajen masu kwat suna zuwa suna ɗaukar hoto a gaban tanderun da ya cinye masa lafiya. Mu 'ya'yansu ko get ba ma iya wucewa. Wannan shi ne ci gaban?
Daga ɗan wani tsohon ma'aikaci

Amsa: Allah ya jiƙan Baba ya gafarta masa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ɗan'uwa ba zan ce maka kar ka ji haushi ba, kana da gaskiya, kuma duk wanda ya ce maka zauren taro zai maye gurbin masana'anta a samar da aiki bai faɗa maka gaskiya ba. A yankin Ruhr na Jamus a tsakiyar shekarun 1950 kusan mutum rabin miliyan ne ke aikin haƙar kwal, mahaƙa ta ƙarshe, Prosper-Haniel a Bottrop, an rufe ta a Disambar 2018, kuma duk gidajen tarihi da zaurukan da aka yi a kufansu basu ɗauki ko kusa da wannan adadin ba. Aikin taro ma da yawansa na wucin gadi ne, yau akwai gobe babu. Ga kuma abin da ke biyo baya, da zarar waje ya yi kyau sai haya ta tashi a unguwar, waɗanda suka sha hayaƙin shekara da shekaru su ne farkon waɗanda za a tura gaba in iska ta gyaru. Wannan zalunci ne ko da an shafa masa koren fenti.

Inda zan ɗan ja da kai shi ne, ba gyaran ne ya kashe masana'antar ba, ta riga ta mutu, abin da ya rage a zaɓa shi ne a bar ta kufai guba na tsiyaya cikin ruwan unguwa, ko a share ta kamar Baba bai taɓa aiki a wajen ba, ko a raya ta. Ni na fi son a raya, amma da sharaɗi, kuma an ga inda aka yi. Harabar Zollverein da filin Duisburg ɗin da na ambata a buɗe suke, kowa na shiga ya zaga ba tikiti, abin da ke cikin gidajen tarihi da zaurukan ne ake biya. A Zollverein akwai zagayen da tsofaffin mahaƙan da kansu ke yi da baƙi suna basu labarin yadda aikin yake. A Belval ta Luxembourg, inda tanderun ƙarfe na ƙarshe ya mutu a 1997, jami'a aka kai wajen, ɗalibai na karatu a gindin tanderun. Kuma gyaran yankin Ruhr ɗin nan ya samu ƙarfi ne daga wani shiri na gwamnatin jiha na shekara goma, daga 1989 zuwa 1999, da kuɗin jama'a, shi ya sa jama'a ke da bakin magana.

To ku ma ku nema. Ku haɗu ku 'ya'yan tsofaffin ma'aikata ku rubuta wa masu wajen da hukumar da ta basu izini, ku nemi a buɗe harabar ga 'yan unguwa, a ware muku ranakun amfani da zauren, a fara ɗaukar matasanku a koya musu aikin lantarki da sauti da gyaran sola ba gadi da shara kaɗai ba, sannan a kafa allo da sunayen waɗanda suka yi aiki a wajen, da waɗanda suka mutu a bakin aiki. In kuɗin gwamnati ya shiga gyaran to ba alfarma kuke roƙo ba. In kana da hotunan Baba da katin aikinsa ka adana su da kyau, ka kai musu kwafi.

Tambaya: Malam a taƙaice, kowace tsohuwar masana'anta za a iya maida ta haka? Kuma a Turai kaɗai ake yi?
Daga wani mai karatu

Amsa: A'a ɗan'uwa, ba kowace ba. Wata tsatsa ta cinye ƙarfenta har ciki, wata gubar ƙasarta ta fi ƙarfin kuɗin da ake da shi, wata kuma tana can inda ba mai zuwa taro, kuma zauren da ba kowa a ciki wata tara a shekara asara ne ko da sola yake aiki. Shi ya sa waɗanda suka ɗore basa dogara da taro kaɗai, suna haɗawa da ofisoshi da makaranta da shaguna dan wajen ya kasance da mutane kullum. Injiniya ne zai fara dubawa kafin mai zane, in yace ginin ba zai tsaya ba sai a warware shi a hankali a tsira da bulo da ƙarfen da za su sake amfani.

Kuma ba Turai kaɗai ba. A Bejin ta ƙasar Sin masana'antar ƙarfe ta Shougang ta daina aiki a 2010, aka yi wasan tsalle a kan ƙanƙara na Olamfik ɗin hunturu na 2022 a gefen manyan hasumiyoyinta na sanyaya ruwa, kuma ana yin babban baje kolin kasuwanci na ƙasa da ƙasa a wajen. A Cape Town ta Afirka ta Kudu tsohon rumbun hatsi na tashar jiragen ruwa aka sassaƙe cikinsa ya zama gidan zane-zane na Zeitz MOCAA a 2017, a Johannesburg kuma tsohuwar tashar lantarki da ke unguwar Newtown, wadda ake kira Turbine Hall, ta zama ofisoshi da wajen taruka.